Rahawardin Gwaggo

A gidanmu na Tarai akwai wata kalma da ban taɓa jin ta a bakin maƙwabta ba. Idan Baba ya dawo daga kasuwar Rano, tun bai sauke mangala daga kan jaki ba ƙannena sun kewaye shi, kowa hannu a buɗe: "Baba, ina rahawardi?" Baƙo yakan tsaya yana kallonmu, ya zaci wani abinci ne na 'yan birni. Alhali tsaraba ce kawai, alewa ko rake ko ƙullin gyaɗa mai gishiri. Sai dai a bakinmu kalmar ta yi rassa. Inna ta je suna a Fassi ta dawo da mura, aka ce rahawardinta ke nan. Ƙayar da ta soki mutum a hanya rahawardi ce, haka ma labarin wanda ya yi aure da wadda ta haihu. Akwai lokacin da akuyarmu ta ɓace har muka fid da rai, sai ga ta ta dawo da kanta, da ciki. Baba ya dube ta ya ce duk gidan nan babu wanda ya taɓa kawo rahawardi mai albarka irin nata.

Kalmar ta mutanen Farisa ce. Na daɗe ina faɗar ta kafin in ga ƙasar a taswirar makaranta, can gabas da Makka. A bakinsu gajeriya ce, rah-award: rah ita ce hanya, award kuma abin da aka kawo. Abin da hanya ta kawo ke nan. Gwaggo ce ta zo mana da ita, kuma ban da buta da ƙunshin tufafi, ita kaɗai ta shigo da ita gidan.

Gwaggo yayar Baba ce, ciki ɗaya. Ta tafi hajji a ƙafa tare da mijinta tun Baba bai yi aure ba, irin tafiyar da, wadda mutum zai yi noma a wannan gari, ya yi ɗinki a wancan, ya tara guzuri ya ƙara gaba. Bayan wasu shekaru wani mahajjaci ya kawo labarin mijin ya rasu a Madina. Daga nan shiru. Da aka haife ni Baba ya sa mini sunanta, don a ransa ya riga ya yi mata addu'ar da ake yi wa mamaci. Shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Yaya yake ce mini tun ina rarrafe. Na taso ina ƙera ta a raina yadda nake so: doguwa, mai farin mayafi, tana tafe ita kaɗai cikin rairayi, iska na share sawunta.

Shekarar da ake ta zancen 'yancin kai na tafe, ina gida hutun bazara daga makarantar 'yan mata ta Kano, wani direban babbar mota ya aiko daga Rano cewa ya ɗauko wata Hajiya daga birni, tana tambayar gidanmu. Baba ya kwance jaki ya fita, ko hula bai tsaya ɗauka ba. Kafin la'asar mata sun cika tsakar gida.

Wadda ta sauko daga kan jakin 'yar ƙanƙanuwa ce, ƙashin wuya a fili, ƙafafu duk faso. Aka rangaɗa guɗa. Baba ya miƙo ƙwarya ya ce, "Yaya, ga ruwa," mu biyu muka waiwaya. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Auta, wannan ce ta gaje ni tun ina da rai?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ta kama hannuna ta riƙe, tafinta kamar ɓawon itace. "Takwara," in ji ta. Sannan ta shiga ɗakin marigayiya Kaka, ta saki asabari, ba ta sake fitowa ba sai alwala.

Kowa ya san yadda ake tarbar mahajjaci. Yakan zauna a tabarma, mutane su yi ta shigowa, wannan a ba shi kurɓin zamzam, wancan dabino, tsofaffi carbi, mata tozali da zobba. Ko ƙwayar dabino ɗaya mutum ya samu, zai ƙulle ta a gefen zane ya kai gida a gutsuttsura wa yara. Mutane suka yi ta zuwa daga Kibiya da Fassi, wasu har daga Rano. Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana ba da haƙuri: gajiyar hanya ce, jikin sai a hankali. Da fari ana cewa Allah ya ƙara sauƙi. Da abin ya yi tsawo aka fara cewa Hajiya ta sha ruwan Larabawa, ta fi ƙarfin ƙauye.

Abin da ta gaya wa Baba kaɗan ne. Tana da akwatin ƙarfe cike da kaya. A mashigin kogin Fallomi, can gabas da Yerwa, ana lodin jirgin fito, jirgin ya karkata, akwatin ya sulale. Tana kallo ruwa ya haɗiye shi.

Ni ke kai mata abinci. Kullum nakan same ta zaune a gefen gado, kamar baƙuwar da ke jiran a yi mata iso. Ba ta rataye komai a bango ba, ba ta tambayi kowa ba. Abu ɗaya ta tambaye ni: wace rana mota ke tashi daga Rano zuwa birni, kuma daga birni ana samun ta Yerwa, hanyar gabas, kullum? Na gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Baba. Ranar bai ci tuwo ba. Ya ce ya yi mata ta'aziyya a ransa sau ɗaya, ba zai iya ta biyu ba.

Wata rana da hantsi na ɗauki man kaɗanya na ce zan shafa mata a ƙafa. Ta ƙi, na nace, ta miƙo. Ina cikin shafawa ta fara magana, idonta a kan rufin ɗaki.

Ta ce bayan rasuwar mijinta ta zauna a wani lungu a Madina tana wankau. Ɗakin da ke jikin nata na wata mata ce daga Farisa, ita ma hajji ya kawo ta, ita ma ta binne miji a can. Larabcin kowaccensu bai cika cokali ba, amma sun yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya. Matar ta koya mata shan shayi da ƙwayar sukari a kunci, ita kuma ta koya mata cin goro, ko da yake har suka rabu tana yatsine fuska. Duk lokacin da Gwaggo ta je Makka ta dawo, za ta tarar da ita a bakin ƙofa, tafin hannu a buɗe, tana murmushi: "Rah-award?" Ko allura ce sai ta ba ta. Ita ma in ta fita ta dawo, haka. Matar ta nuna mata da hannu, ta zana hanya a ƙasa da yatsa, ta kamo iska daga ƙarshen zanen ta kawo ƙirjinta. A haka Gwaggo ta gane ma'anar.

"Ashe su ma kamar mu ne, Takwara. Wanda ya dawo daga tafiya hannu banza, kunya yake ji."

Da ta yanke shawarar dawowa gida, tare suka shirya akwatin. Matar takan ɗaga abu ta tambayi na wa ne, Gwaggo ta faɗi suna, ita kuma ta maimaita shi a karkace suna dariya. Ranar tafiya ta rako ta bakin lungu da kwanon ruwa, da Gwaggo ta ba da baya ta watsa ruwan a kan sawunta. Wai haka suke yi a ƙasarsu don matafiyi ya sauka lafiya.

"Ruwan nan ne ya biyo ni har Fallomi," in ji Gwaggo. Ta yi 'yar dariya, dariyar ta tsinke a tsakiya. "Babu rah-award, Takwara. Babu ko allura."

Na ce mata ai ita muke so, ba kaya ba. Ta shafa kaina kamar yadda ake yi wa yaron da ya faɗi abin da bai sani ba.

Baba kuwa ya yi nasa tunanin. A ganinsa kunyar tsaraba ce ke neman kore masa 'yar'uwa, kuma tsaraba abin saye ce. Ran kasuwar Rano ya tafi da sassafe ya dawo da buhun dabino ƙarami, da carbi, da tozali. Ya ce wa Inna kada Gwaggo ta ji. Za a raba wa mutane a zaure da sunanta, bakin kowa ya mutu, ita kuma ta fito a hankali.

Akwai wani taubashinsu, ɗan kawunsu, da mu ma muke kira Kawu. Ɗan koli ne a kasuwar Rano, mutum mai faɗin baki da faɗin zuciya. Baba ya san in Kawu ya ji, duk ƙasar Rano ta ji, don haka ya yi ta kewaya kasuwa har sai da ya ga Kawu ya tafi masallaci, sannan ya saya a hannun maƙwabcin rumfarsa. Abin da bai lura ba, maƙwabcin jiran rumfar Kawu yake yi.

Kashegari zaure ya cika. Ina tsaye a soron ciki ina miƙa wa Baba faifan dabino, sai na ji ƙararrawar keke. Kawu ne. Aka gaisa, Baba ya zaro carbi ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba. Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga shi sama wajen haske, ya jujjuya.

"Malam, wannan daga Makka?"

"Karɓi ka yi addu'a," in ji Baba.

"Allahu akbar! Jama'a ku taya ni murna. Ni ina nan shekara da shekaru ina tara guzuri, ashe carbina ya riga ni. Jiya na bar shi a rumfa, yau ga shi Alhaji! Kun ga jan zaren nan? Ni na zura shi da hannuna, na asalin ya tsinke."

Zaure ya kwashe da dariya, har da masu dabino a baki. Wani tsoho ya ce shi dai tun da ya tauna ya ji ɗanɗanon Agadas. Baba ya rasa inda zai sa fuskarsa. Kawu bai tsaya ba, ya kutsa cikin gida yana ɗaga murya.

"Ina baiwata? A gaya mata ubangidanta ya zo! An je Makka an dawo, an manta da masu ita?"

Asabari ya ɗaga. Gwaggo ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, hasken rana na sa ta ƙifta ido. Ta ji komai ta katanga. Ba Kawu ta duba ba, Baba ta duba, wanda ya biyo shi a baya.

"Auta. Da sunana ka yi wa mutane ƙarya? Da sunan ƙasar Manzo?"

"Yaya, na ga kina neman tafiya ne."

"Kai a zatonka dabino nake wa kuka?"

Ta zauna a dokin ƙofa. A nan ta faɗi abin da ta ɓoye. A hanyar dawowa ta ratsa garuruwan Sudan inda mutanenmu suka zauna, waɗanda suka tafi hajji guzuri ya ƙare, ko suka sauke farali suka kasa ƙarasowa gida. Duk wanda ya ji ga mai zuwa ƙasar Rano sai ya zo da ɗan abinsa: kai wa uwata, kai wa wana, kai wa 'yata da na bari a goye. Ta karɓa, ta ce in sha Allahu hannu da hannu. Rabin akwatin nan kayan amana ne. Ta fara ambaton su ɗaya bayan ɗaya, mai aike da wanda aka aika wa da abin da aka aiko, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"In na fito, da wane ido zan dube su? In ce ɗanki ya ba ni, ruwa ya ci? Gara a ce Hajiya girman kai gare ta." Ta juya wajen Kawu. "Har da kai. Ƙanenka ya ba ni takalmi in kawo maka."

Ban taɓa ganin bakin Kawu a rufe ba sai ranar. Carbin ya zame daga hannunsa. Ƙanen nan nasa ya tafi tun suna samari, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

"Yana da rai?"

"Yana da rai. Yana noman auduga, da mata da 'ya'ya. Babban ɗansa sunanka gare shi. Ya yi tumbi, ya fi ka."

"Ƙarya kike, baiwa! Wannan ko sa guda ya cinye ba ya ƙiba."

"Wallahi sai da ya dafa bango ya tashi."

Kawu ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ya tambayi gidan, ya tambayi matar 'yar ina ce, ya tambaya ko har yanzu yana in'ina in ya yi fushi. Can ya ce, "Takalmin fa, wane iri?"

"Na fata, ja, mai rufin gaba."

"Da ma ba zai shige ni ba. Yaron nan bai taɓa sanin girman ƙafata ba." Ya share fuska da hannun riga. "Ke kuma kin zo kin kwanta a kan labarin 'ya'yan mutane kamar kaza a kan ƙwai. Tashi ki je ki gaya musu. Wanda ya ce sai kaya, ki turo shi rumfata."

Ba ta ce to ba. Amma da gari ya waye na same ta ta yafa mayafi tana jirana a tsakar gida. Ta ce hanyoyin sun sauya mata, in zo in yi mata jagora.

A kwanakin ne ruwan fari ya sauka. Muka yi ta yawo, ita a kan jaki ni a ƙasa, wani lokaci mu sauya in ta ce ƙugunta ya gaji. Ƙasa na ƙamshi, duwatsu sun wanku sun yi baƙi, ko'ina ka duba maza na sara da sungumi, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da dunduniya. Takan tsayar da ni ta nuna wata tsamiya ta ce a nan suke cin kasuwar 'yan mata, ko ta nemi wata rijiya a tarar ta rufta. A kowane gida tsarinta ɗaya ne. Ta yi sallama, ta ƙi zama a tabarma, ta durƙusa a ƙasa ta ce, "An ba ni amana in kawo muku, ban iso da ita ba." Sannan ta faɗi abin da aka aiko, sannan labarin mai aiken.

Yawanci ba a barin ta ta gama zancen kayan. A Fassi wata mata ta riƙe ta tana tambayar kamannin jikokin da ba ta taɓa gani ba, har rana ta karkata. Amma ba ko'ina aka yi daɗi ba. A Kibiya wani mutum da wansa ya aiko masa da agogo ya saurare ta har ƙarshe, ya ce ikon Allah, kogin nan ya san kaya masu tsada. Na ji kamar in nutse. Gwaggo ta ce, "Kana da gaskiya ka yi zato, Malam. Allah ya san abin da ya faru." Muka fito. Da muka yi nisa ta ce, "Wannan ma rah-award ne, Takwara. Hanya ba ta zaɓar abin da za ta kawo." Da na ba ƙannena labari da yamma suka kama kalmar suna juya ta a baki, kafin a kwana biyu ta zama rahawardi, ta zauna.

Saura gida ɗaya, a Madachi. Kullum sai ta ce gobe. Da Baba ya matsa ta gaya mana dalili. Akwai wata tsohuwa a can, ɗanta ɗaya namiji. Gwaggo ta same shi a wani ƙauyen Sudan yana kwance ba lafiya. Ya sa aka ciro wani mayafi daga ƙarƙashin shimfiɗarsa, ya ce ya daɗe da sayen sa yana jiran mai zuwa gida. Kafin motarsu Gwaggo ta tashi ya cika. Sauran masu aike suna da rai, in Allah ya so za su sake aikowa. Wannan kuwa babu na biyu.

Baba ya yi gyaran murya. "Yaya, da za a duba a birni, ba za a rasa irinsa..."

Ta ɗago ta dube shi.

"Na yi shiru," in ji Baba.

Muka kama hanya da sanyin safiya. Gero ya fara tsirowa, siriri kamar gashin jariri. Gwaggo ba ta nuna mini ko itace ɗaya ba ranar, leɓunanta kawai ke motsi.

Mun sami tsohuwar a gindin wata bishiyar ɗorawa a tsakar gida, tana ɓarar gyaɗar iri a ƙwarya, jikarta budurwa na taya ta. Ta tsufa ƙwarai, amma idonta garau. Aka shimfiɗa tabarma, Gwaggo ta durƙusa a gefenta. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar ruwa da shuka. Tsohuwar ta ce ta ji labarin wata Hajiya na yawo gida gida, tana ta sauraron ko za a biyo ta nan.

"Iya, na ga ɗanki."

Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin ƙwarya. Ta dubi fuskar Gwaggo, ta daɗe tana duba.

"Faɗi, 'yar nan. Na gani a idonki."

"Allah ya yi masa rasuwa, Iya. Ina wurin."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta maimaita, a hankali. Jikar ta rufe fuska da gefen zane. Kaji na ta tsattsagar ɓawon gyaɗa a gabanmu, babu mai korar su. Can tsohuwar ta ce, "Ya samu kalmar shahada?"

"Ya samu. Ni na ji da kunnena."

"Wa ya yi masa sutura?"

"Mutanenmu. Hausawa sun cika wurin, sahu har waje. An sa shi a inuwa."

"Alhamdu lillahi. Ba a jeji ya faɗi ba." Ta goge ido da bayan hannu. "Shi nake ta tsoro, kada a ce a jeji."

Gwaggo ta ƙara matsawa kusa da ita.

"Iya, akwai saura. Ya ba ni mayafi in kawo miki. Na karɓa, na ce hannu da hannu. Ruwa ya ci shi a hanya tare da kayana. Ban iso da shi ba. Ki yafe mini."

Tsohuwar ta ture ƙwaryar gyaɗa gefe. Ni dai na ƙura wa ƙasa ido.

"Mayafi," in ji ta. "Wane launi?"

"Kore. Kore mai duhu, kamar ganyen mangwaro."

"Ja'iri! Bai manta ba. Yana yaro akwai wani koren zane da nake goya shi da shi, har ya yage ban yar ba. Da ado?"

"Da zare ruwan zinariya a gefe, siriri. Bakinsa da tuntaye ƙanana."

"Mai kauri ne ko shara-shara?"

"Mai kauri, amma da laushi. Ya ce saboda sanyin asuba, in za ki fita alwala. Ya ce kullum kina fita ba lulluɓi, kina tari."

Tsohuwar ta yi wani sauti, tsakanin dariya da kuka. "Har yanzu ina yi. Girmansa fa? Nuna mini."

Gwaggo ta miƙe tsaye ta ware hannuwanta iya tsawonsu, ta ce ya fi haka kaɗan. Tsohuwar ta dafa kafaɗar jikarta ta tashi. Ta sa Gwaggo ta matso, ta auna faɗin hannuwan da ido, sannan ta kai hannu ta shafa kafaɗarta ta dama, ta shafa ta hagu, ta gangaro da tafinta har gwiwa.

"Zai rufe ni har nan," in ji ta. "Ya yi. Yaron nan ya iya zaɓe."

Ta koma ta zauna, ta gyara zaman kafaɗunta. Sannan ta ce wa jikar, "Ke, daina kukan haka. Kamo mini kazar can mai wake-wake."

Yarinyar ta bi kaza, aka yi ta zagaye rumbu, kaza na kyarkyara, har da ni a tarewa. Da aka kamo tsohuwar ta ɗaure ƙafafun da tsumma, ta miƙa wa Gwaggo.

"Ga tukwici."

Gwaggo ta ja da baya. "Iya, tukwicin me? Ban kawo komai ba."

"Ke aka aiko ko ba ke ba?"

"Ni ce."

"To. Ɗana ya yi mini aike tun daga Gabas, mai kawowa ta taka har gidana, sannan ta koma hannu banza? Ba a gidan nan ba. Karɓi, kada ki sa a yi da ni a gari."

Gwaggo ta sa hannu biyu ta karɓa. Tsohuwar ta riga ta mai da hannu cikin ƙwaryar gyaɗa.

"In kin huta ki dawo," ta ce. "Ban gama tambayarki ba. Ko gemu ya tsayar, ban tambaya ba."

A hanyar komowa na ce ta kawo in riƙe mata kazar, ta ƙi. Ta rungume ta a ƙirji a kan jaki, tana shafa bayanta da yatsa. Hadari na haɗuwa ta gabas, iska mai sanyi na kaɗa mana mayafai, muka yi ta sauri.

Mun shiga gida ana fara yayyafi. Inna ta ga kaza ta ce bari ta ɗora ruwan zafi, yau Hajiya za ta sha romo.

"Wa ya ce miki ta yanka ce?" in ji Gwaggo. "Kiwo zan yi."

Baba na zaune a bakin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ɗago kai.

"Auta, gobe ka samo mini kara da ƙasa, a yi mata akurki a bayan ɗakina. Ka yi shi da faɗi, za ta yi 'ya'ya."

Baba bai jira gobe ba. Ya ajiye fartanyar, ya fita cikin yayyafin neman kara.